Bangon mujalla: aikin na ɗalibai ne, amma fuskar taki ce

Duk mai zama kasuwa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram ya san su: samari da ƴan mata biyu ko uku, jaka a baya, ɗaya riƙe da na'urar ɗaukar hoto ko babbar salula, suna zagaya rumfuna suna kallon kaya amma ba su tayawa. Wasu ƴan kasuwa na ɗaukarsu ma'aikatan haraji, wasu kuma na cewa ƴan furoje ne za su kawo taimako. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Ɗalibai ne masu koyon aikin jarida, malami ya ba su aikin tsara bangon mujalla, su kai masa ya ba su maki bisa 20. Da yake babu inda ya kai kasuwa launi da fuskokin mutane, sai su nufo nan.

Mu a gidan rediyo ba mu da bango, muryarmu ce kawai ke fita. Amma kowace safiya shafin farko na jaridu muke bi domin yi wa masu saurare sharhi da Hausa, kuma ɗaliban nan, na makarantar IFTIC ta Yamai da yanzu ake kira ESSCOM da na wasu makarantun, suna zuwa wurinmu koyon aiki, mukan ga abin da suka tsara. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana wa ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata, mene ne wannan aiki, kuma me ya shafe su a ciki.

Wanda ya iya kasa kaya ya riga ya san rabin karatun. Mai tumatir ba ta zuba shi haka nan. Tana zaɓen jajaye masu ƙyalli ta ɗora a sama, ta juya kashin ya fuskanci hanya, domin mai wucewa kallo ɗaya zai yi, ko ya tsaya ko ya wuce. Mai atamfa ma turmin da ya fi ɗaukar ido yake ratayewa a bakin shago. Bangon mujalla haka yake: shafi ɗaya ne da aka ɗora wa nauyin tsayar da mutum ya sa hannu aljihu. Kuma kamar yadda a kasuwa akwai mai ɓoye ruɓaɓɓe a ƙarƙashin kashi, a jarida ma akwai algus: bango ya yi alkawarin babban labari, ka buɗe ka tarar da layi biyar.

Abu na farko da ɗalibi ke ajiyewa shi ne sunan mujallar, can sama, da manyan baƙaƙe. Ba don ado ba ne. Mai saida jaridu a bakin titi jera su yake yi, wata bisa wata, ya danne da dutse saboda iska, kan kowace kawai ke leƙowa. Wadda aka sa sunanta a ƙasa ta ɓace. Sai hoto, guda ɗaya babba. Nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa, domin mutum ya sha rana ya ɗauko hotuna goma, zuciyarsa ba ta yarda ya bar tara ba, sai ya cusa su duka, bango ya koma kamar tiren mai koli. Bayan hoto sai babban kanun labari, kalmomi kaɗan da za a iya karantawa daga nesa, sannan ƙananan kanu biyu ko uku a gefe. A ƙarshe kwanan wata, da lambar fitowa, da farashi.

Farashin nan ma abin lura ne. Jaridun mako da dama a Yamai sun daɗe ana saida su tamma 300, wato dala sittin. Mujalla mai launi, mai takarda mai sulɓi, ba ta saiduwa haka. Ɗalibi kan rubuta tamma 1,000 ko 1,500 a kusurwa don kawai ya cike gurbi, bai taɓa tambayar kansa ba ko matar da ya sa a bangon za ta iya cire jika guda daga cinikinta na yini ta sayi hoton kanta. A ganinmu malamin da ya yi masa wannan tambaya ya koya masa abin da ya fi launi amfani.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an je maɗaba'a. Yawanci girman takardar da ake kira A4 ake ba su, santimita 21 a faɗi, 29.7 a tsawo. Dole hoton ya zarce iyakar shafi da kamar milimita 3 ta kowane gefe, domin wuƙar da ke yanke takardu ba ta faɗawa daidai kullum, idan ba a bar rara ba sai farin layi ya fito a baki. Tela ya san wannan, shi ma ba ya yanka yadi cif da awo. Launin ma haka: gilashin kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da tsanwa da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da ruwan ɗorawa, da baƙi. Shi ya sa barkonon Difa da ya yi ja wur a kwamfuta kan fito a takarda kamar ya kwana biyu a rana. Hoton da zai cika shafi kuwa yana son ɗigo kusan 2,500 a faɗi da 3,500 a tsawo. Wanda aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, an riga an matse shi, idan aka buɗa shi ya cika bango sai fuska ta dagule.

Ga wanda ya zaɓi ya yi bangonsa da Hausa, akwai wani tarko na daban. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka babu mamaki a ƙara ganin irin wannan zaɓi. To amma yawancin kyawawan baƙaƙen da ke cikin Photoshop ko Canva ba da Hausa a zuciya aka zana su ba. Ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ, balle ƴ da muke rubutawa a Nijar inda maƙwabtanmu na Nijeriya ke sa ɗan waƙafi a gaban y. Ɗalibi ya rubuta, na'ura ta ajiye masa ɗan akwati fanko, sai ya ce bari ya cire lanƙwasar, ai kowa zai gane. Ba kullum ba. Wanda ya so ya ce "Baƙin kasuwa" yana nufin fataken da suka zo daga nesa, idan ya rubuta "Bakin kasuwa" ya koma maganar gefen titi. A cikin labari ana iya gane nufi daga abin da ke gaba da baya. A bango kalmomi biyu ne tsaye su kaɗai, babu mai ceton su.

Ba yau mutanenmu suka fara sanin bango mai kyau ba, ko da ba su karanta abin da ke ciki. Mujallar Jeune Afrique, da aka kafa a Tunis a 1960, fuskar shugaba ɗaya ta saba ɗorawa, kowa ya gane daga nesa. Amina, mujallar mata da ta fara fita a 1972, ta daɗe tana yawo a shagunan teloli da masu kitso, mata na nuna ɗinkin da ke bango suna cewa irinsa suke so. Bayan Haské ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu a 1990, Le Républicain ta biyo a 1991, shafin farko ya zama fagen kokawar ƴan siyasa. Sai mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, da ta fara a 1999 a Nijeriya, ta tsallako iyaka tare da kaset ɗin finafinan Hausa. Waɗannan duka suna da abu ɗaya: wanda ke bangon yawanci shugaba ne, ko ƴar wasa, ko wata babbar ma'aikaciya, mutanen da suka san kan hoto, suna da bakin da za su yi ƙorafi idan an ɓata musu.

Ke kuwa Hajiya mai saida albasar Galmi, ko Inna mai ƙuliƙuli, ba haka kike ba, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Hoto shi kaɗai ba ya cewa komai, rubutun da aka ɗora a gefensa ke ba shi baki. A ɗauke ki kina ƙirga canji, fuska a ɗaure saboda rana. Idan aka rubuta "Matan da ke riƙe da gari", kin zama abin alfahari. Hoton nan dai, ba a canza ko ɗigo ba, idan aka rubuta "Tsadar rayuwa: wa ke cin riba?" kin zama wadda ake tuhuma. Idan aka rubuta "Talauci", kin zama abin tausayi a idon surukanki da masu ba ki kaya bashi. Fiye da rabin manya a ƙasar nan ba su karatun boko, matan sun fi yawa a ciki, saboda haka ana iya nuna wa mace bangon ta yi murmushi don ta ga ta yi kyau, alhali ba ta san abin da aka liƙa wa fuskarta ba.

Wani zai ce ai aikin lakwal ne, daga ɗalibi sai malaminsa. Da can haka ne, a buga guda ɗaya a sa a kabad. Yanzu kuwa ɗalibin da ya samu 16 bisa 20, kafin ya isa gida ya ɗora a Facebook abokai su taya shi murna, daga nan kuma ya fita hannunsa.

A makarantun aikin jarida na duniya akwai misalin da ake yawan kawowa. A 1984 wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Steve McCurry, ya ɗauki wata yarinya ƴar Afganistan a sansanin gudun hijira na ƙasar Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa ta a bango a watan Yuni na 1985, hoton ya zagaye duniya. Ba a san ma sunanta ba sai a 2002, lokacin da aka koma aka nemo ta, aka ji sunanta Sharbat Gula, kuma a lokacin ne ta fara ganin hoton da idonta. Shekara 17 fuskarta na saida mujalla, ita ba ta da labari. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Mutanen Maraɗi ba su manta yunwar 2005 ba, lokacin da hotunan uwaye da ƴaƴansu ramammu suka cika jaridu da talabijin na Turai. Hotunan sun taimaka an kawo abinci, wannan ba mai musu. Amma uwa nawa aka gaya wa inda fuskarta za ta je?

Gyaran hoto ma sai an sa ido. A watan Yuni na 1994 mujallu biyu na Amurka, Time da Newsweek, suka fito da hoto iri ɗaya na O. J. Simpson bayan an kama shi. Ta Time ta ƙara masa duhu, aka jera su a wurin saidawa, kowa ya ga bambancin, aka yi mata ca. A nan gida akasin haka muka fi gani: ɗalibi ya ja fatar mace ta yi haske har danginta ba su gane ta ba, wai don bango ya yi kyau. Wannan ba gyara ba ne, tallar man bilicin ce da ba a biya ba.

Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan da suka shafi mutum, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma hoton da ake gane mutum a ciki yana cikin irin waɗannan bayanai. Amma ba ma son magana ta kai can, domin yaran nan ƴaƴanmu ne, kuma gobe su ne za su ba da labarin gobara ko ƙarin kuɗin rumfa idan ya taso. Korarsu ba ta da amfani. Abin da ya kamata, idan ɗalibi ya yi sallama ya ce Inna ina son hotonki, ki ce ɗana zauna tukuna. Daga wace makaranta? Me za ka rubuta a gefen hoton? Karanta mini, ka fassara da Hausa idan Faransanci ne. Malaminka kaɗai zai gani, ko za ka sa a salula? Idan kina da ɗa ko ƴa mai karatu a kusa, kira shi ya duba. Ki kau da kwanon kuɗi da littafin bashi daga inda hoton zai kama. Idan yarinyar da ke taya ki talla ce suke so, izinin na iyayenta ne, ba nata ba. In kuma maigida ba ya son haka, ko ke ranki bai kwanta ba, "a'a" ta isa. Ɗalibin kirki zai iya ɗaukar hannuwa da mudu da kaya kawai, sau da yawa ma bangon ya fi kyau haka.

Ga wanda ya yarda kuma, akwai riba. Alhajin da ke da allon suna a saman shago, ya tsaya inda allon zai fito. Mai kilishi ta shimfiɗa wanda ya fi kyau. Sannan a yi sharaɗi tun farko: kafin a kai wa malami, a bugo kwafi ɗaya mai launi a shagon kwamfuta, a kawo rumfa a gani. Kuɗin shafi ɗaya bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Idan rubutun ya yi daidai, a liƙa a jikin rumfa masu ciniki su gani. Idan bai yi ba, canza kalma a kwamfuta aikin minti biyu ne muddin ba a riga an watsa ba.