Goggon Birin da Aka Ce Ya Haɗiye Miliyan 6.8: Bayan Dariya Sai Me?

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Maganar yau daga teburin mai shayi ta taso. Makon jiya na je gida Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta Buji. Bayan isha'i muna zaune ana hira, sai wani abokina ya tuno da labarin goggon birin Kano. Nan fa wuri ya kaure da dariya, har mai shayi ya kusa kifar da kofi. Can sai wani ƙanenmu ɗan sakandare, wanda lokacin da abin ya faru yana firamare, ya ce, "To Yaya, a ƙarshe wa ya ɗauki kuɗin?" Wallahi sai wurin ya yi tsit. Mun kai mu goma, da masu digiri a cikinmu, kowa ya haddace barkwancin, amma da aka gama dariya a wancan lokacin babu wanda ya ƙara bin sawun labarin. Kunyar da na ji a daren ita ta sa na shirya wannan shirin.

Bari na fara tuna muku labaran, saboda ƙannenmu.

A watan Yunin 2019, bayan ƙaramar Sallah, naira miliyan 6.8 suka yi ɓatan dabo a Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano. Kuɗin da aka tara ne daga masu zuwa kallon dabbobi a ranakun Sallah. Sai wani gidan rediyo ya ruwaito cewa wai an ce wani ƙaton goggon biri ne ya shiga ofis ya haɗiye su. Labari ya zaga duniya, jaridun ƙasashen waje suka ɗauka. 'Yan sanda suka kama wasu ma'aikata domin bincike. Daga baya gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan zoo ɗin.

Kafin wannan, a watan Fabrairun 2018, an yi na maciji. Hukumar JAMB ta daina sayar da katin da ake kankarewa, ta shiga bin ofisoshinta na jihohi tana lissafi. A ofishin Makurdi na jihar Binuwai aka ga naira miliyan 36 ba su. Labarin da ya fito shi ne wai maciji ne ya haɗiye. Ma'aikaciyar da aka jingina wa maganar ta musanta cewa ta faɗi haka, kuma a 2019 EFCC ta kai batun kotu. A watan Agustan 2022 kuma, a gaban kwamitin Majalisar Dattawa, aka ji cewa gara ta cinye wasu takardun hukumar NSITF da suka shafi kashe sama da naira biliyan 17.

Kakan su duka shi ne na Ilori. A watan Janairun 2009, 'yan sintiri suka jawo akuya har ofishin 'yan sanda, suka ce sun biyo ɓarayi biyu da ke ƙoƙarin satar mota ƙirar Mazda 323, ɗaya ya tsere, ɗayan ya rikiɗe ya koma akuya. Aka tsare akuyar kuwa.

To, me ya haɗa waɗannan da tsofaffin littattafai? Ku biyo ni.

Ina da kawu, tsohon malamin firamare, yana da wata akwatin ƙarfe da ba ya bari yara su taɓa. Sai da na shiga jami'a a Dutse ya buɗe min. Cike take da littattafan da samarin zamaninsu ke ara wa juna: na James Hadley Chase, da jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare wanda ya fito a 1982. Wasu bangonsu ya yage, wasu ɓera ya ɗanɗana. A ƙasan akwatin na tarar da labarai biyu da suka fi duk sauran tsufa, kuma su nake so na ba ku.

Na farko wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, Edgar Allan Poe, a 1841. Sunansa The Murders in the Rue Morgue, kuma masana adabi da yawa suna ɗaukarsa a matsayin labarin jami'in bincike na farko irin na zamani. A birnin Paris na Faransa aka kashe wata mata da 'yarta a saman bene, a ɗakin da aka kulle ta ciki. Maƙwabta sun ji muryoyi biyu. Ɗaya kowa ya yarda Faransanci ce. Ɗayar kuwa kowane shaida sai ya ce wani yare ne daban, kuma kowa yaren da shi kansa ba ya ji yake ambata. 'Yan sanda suka kama wani ma'aikacin banki, don shi ya raka matar gida da kuɗin zinariya kwana uku kafin kisan.

Sai wani mutum mai suna Dupin ya shiga ɗakin ya yi kallon tsanaki. Ya lura ƙusar da ke riƙe da wata taga a karye take, ke nan ana iya fita ta nan tagar ta koma ta rufe. Ya ga gashin da aka samu a hannun matar ba na mutum ba ne. Ya auna shatin yatsun da ke wuyan yarinyar, ya ga hannun ɗan Adam bai kai haka ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: kuɗin zinariyar, kusan faran 4,000, suna nan zube a ɗakin cikin jaka biyu, ba a ɗauka ba. Dupin ya ce ɓarawo ba zai yi wannan aika-aika ya bar kuɗi ba. Ƙarshenta aka gano wani irin babban biri ne mai jan gashi, wanda wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo daga tsibirin Borneo, ya kufce masa. Aka saki ma'aikacin bankin.

Kun ga abin? Birin Paris an tabbatar da laifinsa ne saboda bai taɓa kuɗi ba, tunda biri ba shi da abin da zai saya. Namu na Kano kuwa kuɗin kawai ya zo ci, kuma ma babu shi a gidan.

Na biyu na Arthur Conan Doyle ne, ɗan Birtaniya, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes. Littafin ya fito a 1902, sunansa The Hound of the Baskervilles. Wani gidan masu dukiya ne aka yi imani cewa wani baƙin kare na aljanu yana bin zuri'arsu. Mai gidan ya mutu cikin firgici da dare, aka ga sawun ƙaton kare kusa da gawar. Magajinsa ya iso Landan, ya sauka a otal, sai aka sace masa ƙafa ɗaya ta sabon takalmi. Daga baya aka dawo da ita, aka ɗauke ƙafa ɗaya ta tsohon takalminsa. Kowa ya ɗauka shirme ne. Holmes kuwa ya gane cewa wanda ya fi son tsohon takalmi a kan sabo warin ƙafa yake nema, kuma kare mai jini da tsoka shi ke buƙatar shinshina. Ashe wani ɗan dangi ne da ya ɓoye asalinsa, ya sayi ƙaton kare, yana shafa masa sinadari mai ƙyalli cikin duhu, domin ya kawar da magada ya ci gado.

Abin da na koya daga akwatin Kawu ke nan. Duk lokacin da aka ce dabba ko wani abin ɓoye ya aikata laifi, akwai tambayoyi uku da ba sa buƙatar digiri. Wa ya gani da idonsa? Abin yana yiwuwa idan aka yi lissafi? Wa zai amfana idan muka yarda?

Mu gwada ta biyun. Miliyan 36, ko da a ce duk 'yan dubu-dubu ne, takarda 36,000 ke nan, wato bandir 360. Wane maciji ne wannan? Miliyan 6.8 kuma bandir 68, alhali kuɗin ƙofa yawanci canji ne, 'yan ɗari da 'yan ɗari biyu, ke nan tulin ya ninka haka. Ta ukun kuwa ta fi sauƙi. Muddin muna ta zanen biri da tumbi muna turawa a WhatsApp, mun daina tambayar wa ke riƙe da makullin ofis, wa ya sa hannu, me ya hana a kai kuɗin banki. Dariyarmu ba laifi ba ce, ni ma na yi har da hawaye. Amma wanda ya yi ɓarna babu abin da yake so kamar a mayar da maganarsa wasa, don wasa kwana biyu yake yi a wuce.

Wani zai ce to mene ne, ai kuɗin gwamnati ne, can su ƙarata. To ga inda abin ya daina ba ni dariya. Halin da ke sa mu karɓi labarin biri ba bincike, shi ne dai ke sa mu ɗauki dutse idan an nuna mutum.

A 2023 kun tuna yadda maganar satar mazakuta ta cika gari, musamman Abuja da jihohin da ke kewaye. An lakaɗa wa mutane duka, har wasu suka rasa rayukansu. 'Yan sandan Abuja sun kai masu ƙorafi asibiti, likitoci suka duba suka ce komai na nan, har aka gurfanar da wasu saboda tayar da hankalin jama'a a kan ƙarya.

Ni na gani da idona a wata tasha, lokacin ina bautar ƙasa. Wani saurayi da jaka a kafaɗa ya yi wa wani sallama, suka gaisa, ya tambaye shi inda ake shiga mota. Bai yi taku biyar ba sai ihu. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi, an fasa masa kai, yana rantsuwa yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ni da digirina na tsaya ƙafata na rawa, na kasa cewa uffan. Wani dattijon direba ne ya ratsa taron, ya riƙe hannun su biyun ya ce, "Ku dakata, 'ya'yana. Wanda aka yi wa sata ai shi ake fara dubawa." Ya shiga da mai ihun wani ɗaki tare da shaidu biyu. Minti biyu suka fito, komai lafiya lau. Taron ya watse kowa yana sunkuyar da kai, saurayin nan kuwa jini ya riga ya jiƙa masa riga. Dattijon nan bai taɓa jin sunan Dupin ba, amma aikinsa ya yi.

Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai ne. Likitoci suna kiran wannan firgicin koro. A 1967 ya faɗa wa ƙasar Singafo, bayan jita-jitar cewa naman aladun da aka yi wa rigakafi ne ke jawo shi. Ɗaruruwan maza suka cika asibitoci. Da likitoci suka fito suka yi wa jama'a bayani, abin ya lafa. Tsoro ne ke yaɗuwa daga baki zuwa kunne, mutum ya ji a jikinsa kamar da gaske. Shi ya sa mai ihun ma ba kullum ne maƙaryaci ba, wani a firgice yake. Shi ma asibiti ya kamata a kai shi.

Ban zo musun gaibu ba, kada a juya min magana. Amma ai tun muna allo aka ba mu ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. 'Yan uwansa sun jefa shi rijiya, suka dawo da dare suna kuka, suka ɗora wa kyarkeci laifi, suka kawo riga da jinin ƙarya. Malaman tafsiri sun ambata cewa mahaifinsu ya duba rigar ya ga ba ta yage ba. Daga baya a Masar, rigar da aka yaga ta baya ita ta wanke shi daga zargi. Ke nan ɗora wa dabba laifi tsohon abu ne, duba hujja ma tsohon abu ne, kuma namu ne tun kafin a haifi Poe.

Saboda haka 'yan uwana matasa, ga roƙona. Idan irin wannan labarin ya sake fitowa, ku yi dariyarku, amma ku rubuta sunan hukumar da adadin kuɗin, bayan wata uku ku koma ku tambaya ina aka kwana. Kafin ku tura saƙon murya da ke cewa an kama wani ya rikiɗe ko ya saci wani abu a jikin mutum, ku tambayi wanda ya turo muku ko shi ya gani. Idan kuma kuka tarar an kewaye mutum, kada ku ƙara hannu. Ku nemi dattijo, ku kira hukuma, ku ce a duba. Gobe kai ne baƙo da jaka a tashar da ba a san ka ba.

Shi kuma ƙanen nan namu, na aro masa littafin Holmes daga akwatin Kawu, da sharaɗin ya dawo da shi da bangonsa. Ya ce idan ya gama zai zo da wasu tambayoyin. Na ce masa wannan karon zan shirya.

Nan za mu dakata. Allah Ya tsare mu da zaluntar wani, Ya tsare mu da a zalunce mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.