"Kowa da gaskiyarsa": yadda Kiristoci ke kallon wannan magana

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Facebook da TikTok. Da zarar musu ya yi zafi sai wani ya ce, "Kai riƙe gaskiyarka, ni ma in riƙe tawa." Yau za mu duba me koyarwar Kirista ta ce a kan haka.

Bari mu fara daga Aliero, garin albasa da masu ɗori. A ce an kawo wani matashi daga Maiyama, ya faɗo daga babur. Abu biyu ne tare da shi. Akwai zafin da yake ji, wanda shi kaɗai ya san iyakarsa, idan ya ce yana ji babu mai ƙaryata shi. Akwai kuma ƙashin kansa, ko dai ya karye ko bai karye ba. Ko da yaron ya rantse targaɗe ne kawai, hannun mai ɗori zai lalubo, hoton asibiti ma zai nuna. Na farkon gaskiya ce da ta rataya ga mai ji. Na biyun gaskiya ce mai tsayuwa da ƙafarta, ba ruwanta da ra'ayin kowa.

Malaman Kirista ba sa musun ta farkon. Kai ka fi son fura, wani ya fi son kunu, babu rigima. Inda gizo ke saƙar shi ne: maganar daidai da ba daidai ba, da maganar Ubangiji, a wane ɓangare za a sa su? Mafi rinjayen koyarwar Kirista ta sa su tare da ƙashi. Ɗauki ɗan kasuwa a Jega da ya cusa ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu ya jera masu kyau a sama. Zai iya cewa ai kasuwa ce, kowa haka yake yi, kuma zuciyarsa ba ta dame shi ba. A wajensu wannan bai canja komai ba, algus algus ne. Littafin Karin Magana da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya la'anci ma'aunin zamba a wurare da dama.

Dalilinsu kuwa shi ne Allah ne ya halicci duniya da tsarinta, don haka mutum gano gaskiya yake yi, ba shi ke ƙera ta ba. A babi na 14 na Linjilar Yohanna, Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya siffanta kansa da gaskiya ita kanta. Agustin, malami ɗan Arewacin Afirka da aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu take Aljeriya, ya yi wa masu cewa ba a iya sanin komai raddi: ko mai shakka ya san tabbas yana shakka. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana gaskiya da dacewar abin da ke cikin kai da abin da ke zahiri.

To, me ya sa suka dage haka? Wani misali daga nan gida ya fi nuna dalilin. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin Mai Shari'a Oputa don binciken take haƙƙin ɗan Adam, galibi a zamanin mulkin soja. Sakatarensa limamin Katolika ne, Matthew Hassan Kukah, wanda tun 2011 yake Bishop na Sakkwato, yankin da ya haɗa da wani sashe na Jihar Kebbi. Dubban mutane suka kai ƙorafi. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su bayyana gabansa ba. An miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta wallafa shi a hukumance ba. Waɗanda suka kai kukansu ba su je don a ce musu "wannan gaskiyarku ce" ba. So suke a tabbatar da abin da ya faru. Hujjar Kiristoci a nan, kuma a ganina tana da ƙarfi, ita ce idan kowa da gaskiyarsa, ta mai ƙarfi ce za a rubuta.

Na san wani zai ce, ai irin wannan tunanin ne ke haifar da girman kai da faɗan addini. Tambaya ce mai kyau. Kiristoci sun ce an gicciye Yesu, Musulmi sun ce ba a gicciye shi ba. Maganganun biyu ba za su zama daidai a lokaci ɗaya ba, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da hakan. Ke nan zaman lafiya ba zai fito daga riya cewa babu saɓani ba. Amsar da Cocin Katolika ta bayar a babban taronta na Batikan a 1965 ita ce ba a tilasta wa kowa addini, domin gaskiya da ƙarfin kanta take shiga zuciya. Sannan kasancewar gaskiya ɗaya ba ya nufin ni na kama ta gaba ɗaya. Mai ɗori ma yana iya kuskure, ƙashin dai yana nan yadda yake.

Akwai kuma ɗan Denmak, Soren Kierkegaard, wanda ya rasu a 1855, da ake yawan jingina wa ra'ayin kowa da tasa. Shi abin da ya dame shi daban ne: mutanen da suka haddace aƙida daidai amma ba ta taɓa rayuwarsu ba. Wato irin ɗan kasuwar can na Jega, wanda zai faɗa maka hukuncin algus tsaf alhali yana ɗinke bakin buhu.

Mu haɗu a shiri na gaba.