Daga Ramin Kuza Zuwa Lambu: Yadda Mutanen Bukuru Suka Sake Ma'aunin Cin Nasara

Garin Bukuru, hedikwatar ƙaramar hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, gari ne da haƙar kuza ta raya, kuma faɗuwar kuzar ce ta tilasta wa dubban magidanta sake sana'a a tsakiyar rayuwarsu. Abin da ya same su darasi ne ga duk ma'aikacin da ke shirin barin wani aiki ya kama wani, musamman a kan mudun da zai auna ci gabansa da shi.

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos. A shekarar 1914 layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru, a 1929 kuma aka kafa kamfanin lantarki na NESCO domin bai wa injinan haƙa wuta. Kamfanin ATMN, mafi girma a cikinsu, a wannan yanki ya kafa cibiyarsa. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa kwaso lebura na tilas daga lardunan Arewa, abin da jama'a suka kira diban gwamna, har kuzar da aka fitar a 1943 ta kai kimanin ton 17,000.

A wancan zamani ma'aunin cin nasara a bariki sananne ne. Wanda ya tashi daga lebura ya zama hedimani, ko akawu, ko direban injin haƙa, ga albashin wata, ga ɗaki a gidajen kamfani, ga keke da akwatin rediyo, shi ne ake cewa ya kai.

To amma tun cikin shekarun 1970 al'amura suka fara ja da baya. Kuzar da ke kusa da doron ƙasa ta ragu, kuɗin haƙa ya ƙaru, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Ranar 24 ga Oktoba, 1985, Majalisar Kuza ta Duniya da ke Landan ta bayyana cewa ba ta da sauran kuɗin tare farashi, kuma cikin 'yan watanni ton ɗaya ya faɗo daga sama da fam 8,000 zuwa ƙasa da fam 4,000. Kamfanoni suka sallami ma'aikata. Bugu da ƙari, shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira: dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Kuɗin sallama da fansho suka narke a hannun masu su.

Da yawa daga waɗanda aka sallama sun juya ga abin da kamfanonin suka bari a baya, wato manyan kududdufai da ke riƙe ruwa har cikin rani. Tsaunukan Jos sun haura mita 1,200 daga teku, don haka sanyinsu ya dace da kabeji, karas, latas, koren wake da dankalin turawa, kayan da ba su yin albarka sosai a wurare masu zafi. Mutumin da ya shekara ashirin yana kula da famfo da bututu a ramin kuza bai sha wahalar sarrafa injin ban ruwa ba. Ƙasar da haƙa ta gajiyar kuwa, da toka da sharar gari da taki aka farfaɗo da ita. Daga kasuwanni irin su Farin Gada a Jos motoci ke kwasar kayan lambun zuwa Abuja, Legas da Fatakwal.

Idan aka auna da tsohon mudu, hedimanin da ya koma riƙe fartanya ya ci baya, domin ya rasa muƙami da albashi. Sai dai masana tattalin arziki na duba abubuwa uku kafin su yanke hukunci. Na farko shi ne abin da kuɗin shiga ke iya saya, tunda farashin kayan lambu na tafiya tare da tsadar rayuwa, alhali albashi da fansho kan tsaya wuri ɗaya. Na biyu shi ne inda haɗarin sana'a yake: ma'aikacin kuza ya dogara da farashi guda da ake yankewa a Landan, mai lambu kuwa na iya raba filinsa gida huɗu, in tumatir ya faɗi kabeji ya tashe shi. Na uku shi ne mallakar kayan aiki, wanda a kansa masu iya magana ke cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Duk da haka, lambu na da nasa asarar. Babu fansho a cikinsa, kaya kan yi kwantai idan kowa ya girbe a mako ɗaya, kuma baƙi da yawa aron fili ko haya suke yi daga masu ƙasa 'yan ƙabilar Birom, abin da ke hana su zuba jari mai nisa. Har ila yau, rikicin Jos na 2001 da na 2010 sun raba manoma da dama da filayen da suka daɗe suna nomawa.

Saboda haka mudun da ya fi dacewa da wanda ya sake sana'a shi ne wanda Hausawa ke kira rufin asiri: ya ciyar da iyalinsa ba tare da bashi ba, ya biya kuɗin makarantar yara, ya kuma rage abin da zai sayi iri da man inji a kaka mai zuwa.

Wannan lissafi ya sake tasowa a Bukuru tun daga 2021, lokacin da farashin kuza ya haura dala 30,000 a kan ton ɗaya saboda buƙatar masana'antun kayan lantarki. Matasa da yawa sun bar lambu da sana'ar hannu sun koma haƙar loto, wato ƙananan ramuka masu zurfi da kan rufta da mutane. Kuɗin mako guda a loto na iya fin ribar wata guda a lambu, amma har yanzu a kasuwar ƙarafa ta Landan ake yanke farashin, kamar yadda aka yi wa iyayensu a 1985.