Abin da Ke Kayar da Samari a Hannun Tsofaffin 'Yan Dambe

Bayan haka, ran 14 ga Satumba, 2013, aka yi wani damben Turawa a birnin Las Vegas ta ƙasar Amurka wanda ya isa zama wa'azi ga samari. Saul Alvarez, mutumin Meziko, wanda ake yi wa laƙabi da Canelo, yana da shekara 23, ya ci karo 42, ba a taɓa cinsa ba. Abokin karonsa Floyd Mayweather yana da shekara 36. Aka yi turmi 12, alƙalai biyu cikin uku suka ba Mayweather.

Alvarez ya saba da waɗanda ke tsayawa a yi musayar naushi, ƙarfi ya raba gardama. Mayweather kuwa ya ƙi tsayawa. Ya kan ɓoye haɓarsa bayan kafaɗa, ya ja da baya taki ɗaya, naushi ya wuce banza, sa'an nan ya rama tun yaron bai mai da hannu ba. Naushin da ya sami iska ya fi gajiyar da mai shi, kuma ya kan kawo fushi, fushi ya kawo garaje. Sanin tazara da lokacin sakin hannu ba ya samuwa sai da daɗewa a fage.

Amma kayen ya zama makaranta. Alvarez ya koyi kauce wa naushi da haƙuri, har a 2021 ya haɗa kambu huɗu na ajinsa. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Allah ya sa mu dace, amin.