Yoga: Yadda yaro mai yawan ciwo ya koyi natsuwa a baƙon gari

A watan Disamba na 1918, lokacin da annobar mura take kashe miliyoyin mutane a duniya, aka haifi B.K.S. Iyengar a ƙauyen Bellur da ke kudancin Indiya. Ya taso cikin talauci, yana fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro.

A 1934 mijin yayarsa, malamin yoga Krishnamacharya, ya kira shi birnin Maisur don ya ƙarfafa jikinsa. Yoga dai tsohon horo ne na Indiya da ke haɗa miƙe gaɓɓai, sarrafa numfashi da tattara hankali. Bayan shekara uku aka tura shi koyarwa a birnin Pune, yana ɗan shekara 18. Bai iya yaren garin ba, Turancinsa kaɗan ne, kuɗin abinci ma yakan gagara. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san irin wannan hali.

Abin da ya riƙe shi shi ne atisaye na sa'o'i a kowace rana. Tsoffin littattafan yoga sun ɗora natsuwa kan abu biyu: dagewa kan aiki, da rashin ƙwallafa rai ga sakamako. Mai atisaye yakan tsaya a yanayi mai wuya, ƙafafu na rawa, amma ya ci gaba da numfashi a hankali. Fitar da numfashi sannu-sannu yana rage saurin bugun zuciya, sai hankali ya kwanta ko da wahalar ba ta wuce ba.

Ciwon da ya sha bai sa zuciyarsa ta bushe ba. Shi ya yaɗa amfani da katako, ɗamara, bargo da kujera don tsofaffi da marasa lafiya su ma su iya atisayen. Haɗuwarsa da mai kiɗan goge Yehudi Menuhin a 1952 ta buɗe masa hanyar Turai. Matarsa Ramamani ta rasu a 1973, ya buɗe makaranta da sunanta a Pune a 1975.

Iyengar ya rasu a 2014 yana da shekara 95. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.