Duniyar Da Babu Kukan Jariri

Jama'a, akwai wani fim mai suna Children of Men, wanda Alfonso Cuarón ya shirya a 2006, da ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su kalla.

Labarin ya faru ne a Ingila, cikin 2027. An yi shekara 18 babu macen da ta haihu a duniya. Da mutane suka fid da rai, sai hukuma ta huce a kan baƙi, tana kama su tana zubawa cikin keji. Ana nan sai ga Kee, baƙuwa 'yar Afirka, da ciki, wani mai suna Theo ya ɗauki nauyin tserar da ita.

A sansanin Bexhill fim ɗin ya fi ratsa jiki. Ana ruwan harsashi jaririya ta yi kuka, sojoji suka tsagaita. Suna wucewa aka koma wuta.

Wanda ya san rikicin Kafanchan na 1987, ko na Kaduna a 2000 da ya raba gari biyu har Sabon Tasha ta cika da masu ƙaura, ba zai kira wannan tatsuniya ba.

Aibinsa guda ne: ya ɗora wa mata rashin haihuwa, alhali littafin P.D. James na 1992 maza ya ɗora wa.

Allah Ya zaunar da mu lafiya.