Sarƙar Tayimin a Lokacin Sabunta Injin Mota: Nazari daga Kudancin Kano

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin aikin sarƙar tayimin a cikin injin mota, da dalilin da ya sa ya dace a sauya ta tare da sassan da take aiki da su duk lokacin da aka sauke inji domin sabuntawa, musamman ga motocin haya na ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

1.0 Gabatarwa

Hanyar da ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora ita ce ta ratsa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa zuwa Saminaka da Jos. A kanta ake jigilar fasinja da masara da shinkafa, kamar yadda ake kwaso amfanin noman rani daga yankin madatsar ruwa ta Tiga. Motar da ke wannan zirga-zirga da lodi ba ta daɗewa injinta ke gajiya, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. A nan ne mai mota kan yanke shawarar sauke inji a sa sabon ringi da fistin, ko kuwa a ɗora wani injin na hannu da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Sau da yawa kuɗi kan ƙare kafin a zo kan sarƙar tayimin, sai a mayar da tsohuwa da hujjar cewa ba ta tsinke ba.

2.0 Aikin Sarƙar Tayimin

Inji mai bugu huɗu yana shaƙar iska da mai, ya matse su, ya ƙona su, sannan ya fitar da hayaƙi. Fistin na hawa da sauka yana juya karanshaf, kamshaf kuma na buɗe bawul yana rufewa. Tilas karanshaf ya juya sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Sarƙar tayimin ce ke tsare wannan ƙa'ida. Ba ita kaɗai take aiki ba: akwai faya-faye masu haƙora da take hawa, da madogarai na roba mai tauri da take gogawa a jikinsu, da tenshina mai ɗame ta, wanda a yawancin injunan zamani ƙarfin baƙin mai ne ke tura shi.

Ba kowane inji ne ke da sarƙa ba. Fijo 504 mai amfani da fetur, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sarƙa gare ta, haka ma injin 1ZZ na Toyota Corolla da injin 2TR na Hiace. Fijo 406 da mafi yawan Golf 3 kuwa bel na roba suke amfani da shi, wanda kamfani kan ƙayyade masa adadin kilomita a sauya shi. Sarƙa ta fi bel ƙarko, kuma wannan ƙarkon ne ya sa ake ɗaukarta kamar ba ta tsufa.

3.0 Yadda Take Lalacewa

Makanikai kan ce sarƙa ta miƙe. A haƙiƙa ƙarfen ba ya miƙewa; ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan, sai tsawonta ya ƙaru. Baƙin mai da ya wuce lokacinsa, ko marar inganci, shi ne kan gaba wajen jawo haka, sai ƙurar hunturu da ke kutsawa idan matatar iska ta lalace. Alamar farko ita ce ƙarar kacau-kacau ta 'yan daƙiƙoƙi idan an tayar da mota da asuba, kafin mai ya isa tenshina. Daga nan sai ƙarfin mota ya ragu a hawa, shan fetur ya ƙaru, fitilar gargaɗi ta inji ta kama. Idan sarƙa ta tsallake haƙora, a injunan da bawul da fistin ke bin fili guda, sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe, mota ta mutu nan take.

4.0 Dalilin Sauya Su Gaba Ɗaya

Waɗannan sassa tare suke tsufa. Haƙoran tsohon faifai sun riga sun cinye daidai da tsohuwar sarƙa, don haka sabuwa ba za ta zauna a kansu daram ba, kuma za su cinye ta da wuri. Madogaran roba kan bushe saboda zafi, su farfashe, ɓarɓashinsu ya toshe rariyar famfon mai. Tenshinan da ya kai ƙarshen tafiyarsa kuwa ba shi da sauran abin da zai ɗame.

Akwai kuma abin da sabuntawar kanta ke haifarwa. Idan an kankare kan silinda domin ya miƙe, a injin da kamshaf ke sama, tazarar da ke tsakaninsa da karanshaf na raguwa, sarƙa ta ƙara saki, tayimin ya ɗan ja baya. Injin hannu kuwa ba a san irin man da ya sha a baya ba. Dubawa kafin a ɗora shi ta fi sauƙi, tun yana ƙasa. Mafi yawan wahalar aikin tana wajen kwance gaban inji ne, kuma an riga an biya ladanta. Bayan an ɗaura, wajibi ne a daidaita alamomin tayimin, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu a tabbatar babu abin da ya tokare, sannan a zuba sabon mai da sabuwar matata.

5.0 Kammalawa

Direban da motarsa ta mutu a tsakiyar Falgore yana nesa da gareji, ga fasinja ga dukiyar mutane, kuma kuɗin janwe da na sake buɗe inji zai ninka abin da ya yi tattali. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Don haka ya kamata makaniki ya sa farashin sarƙa da faya-fayenta da madogarai da tenshina cikin lissafi tun ranar da aka yi ciniki, ya nuna wa mai mota tsofaffin da idonsa kafin a rufe inji.